Koren Fentin Athol

A yankinmu babu gidan da ba shi da bokitin harsasai. Ba wanda yake tara su da niyya. Mutum ya fita harbin alade, ya dawo da guda uku a aljihun riga, matarsa ta ci karo da su wajen wanki, ta jefa a bokiti. Wasu daga ƙarƙashin kujerar a-kori-kura suke fitowa, wasu daga rumfar uban da ya rasu, wasu kuma a haɗa maka su da tsohuwar jarka ranar da maƙwabci ya yi gwanjon kayan gonarsa zai koma birni. A hankali bokiti ya cika, duk launi ɗaya, duk tsawo ɗaya, ba wanda ya san asalin kowanne. Idan ya cika, sai a kai wa Athol Prowse.

Na san Athol tun ina amarya, domin abokin mijina Lyle ne, ko da yake ya ba Lyle shekara goma. Dogo ne, busasshe, ba ya gaggawar komai. Aikinsa na farko kafa shingen waya, daga baya ya koma harbin karnukan daji da aladu a gonakin mutane. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa ɗaya tana aure a birnin Toowoomba. Idonsa na dama na gilashi ne. Lokacin da aka yi masa shi an dace da launin ɗan'uwansa sosai, amma shekaru suka koɗar da na hagun, na gilashin kuwa yana nan shuɗi garau yadda aka sa shi. Baƙo idan yana magana da Athol na ƙaryar yake kallo, don shi ya fi kama da mai rai.

Farin 1982, shekarar da ruwa ya ɗauke, shi ne ya ci idon. A shekarar tumaki sun rame har ba mai saye, ba mai karɓa ko kyauta, aka haƙa ramuka da katafila a bayan gari ana kora su ana harbewa. Athol yana cikin masu harbin. Harsasai suka ƙare a kanti, sai wani abokinsa da ya taɓa aikin soja ya kawo masa akwati guda irin na sojoji. Athol ya ɗauki ɗaya ya jera da nasa a tafin hannu, bai ga bambanci ba. Ya sa a bindiga, sakatarta ta rufe lafiya lau. Ya harba, tunkiya ta faɗi. Ya harba ɗari da 'yan kai babu abin da ya faru. Akwatin kuwa tun safe yana kan murfin injin mota rana tana dukansa, har harsasan suka yi zafin da ba a iya riƙe su. Da rana ta take, wani harbin ya zo da ƙara daban. Ɗan maɓallin da ke tsakiyar gindin harsashi, wanda allurar bindiga ke bugawa wuta ta tashi, ya fita daga gurbinsa, iska mai wuta da ɓarɓashin tagulla suka biyo sakata suka dawo baya. Abin da suka fara tararwa shi ne idon da yake saiti da shi.

Da aka sallame shi daga asibiti bai dawo gida ba sai da ya nemi wani tsohon mai gyaran bindiga a Toowoomba, ya ce a gaya masa dalili. Tsohon ya gaya masa, Athol kuma ya shekara talatin da shida yana gaya mana. Harsashin soja, mai lamba 5.56, da namu na farar hula, mai lamba 223, a ido abu ɗaya ne. Bambancin a ciki yake. Na sojan an fi ɗura masa ƙarfi, domin bindigar soja maƙogwaronta ya fi tsawo, ƙwayar harsashi tana samun ɗan fili kafin bututu ya kama ta. Bindigar gona irin tamu maƙogwaronta gajere ne, idan aka ba ta na soja ƙarfin yakan taru fiye da yadda aka shirya mata. Sau da yawa takan haɗiye ba a ji komai ba. Wata rana kuma, ga zafi, ga datti, sai ta ƙi. Namu a bindigar soja babu laifi, na soja a tamu ne ba a yi. Iyakar karatun ke nan, kuma na ji shi ya fi sau ɗari biyar.

Ya koyi harbi da kafaɗar hagu da idon hagu, yana da shekara talatin da takwas. Lyle ya ce a watan farko ko tankin ruwa aka ce ya harba sai tankin ya kwana lafiya. Cikin shekara guda ya dawo yadda yake, ko ma ya fi. Kwanson harsashin da ya yi masa ɓarnar kuwa ya huda shi ya rataya a jikin makullan motarsa, gindinsa baƙi da rami inda maɓallin ya fita.

Ga yadda yake aikin bokiti. Da safe kaɗai yake yi, a kan tebur a ƙofar rumfarsa, kafin rana ta yi zafi. Zai shimfiɗa tsohon bargo ya zube harsasan, ya ɗauki ɗaya, ya juya gindinsa sama, ya kai kusa da idon hagu ya karanta 'yan rubutun da aka buga a jiki. Wanda aka rubuta 223 ya tafi gwangwanin dama. Wanda ke ɗauke da lambar shekara, ko ɗan gicciye a cikin da'ira, na soja ne, ya tafi hagu. Wanda rubutunsa ya goge shi ma hagu, ba gardama. Gwangwanayen madarar gari ne. Idan ya gama sai ya shafa koren fenti a murfin na dama, ja a na hagu, ya rubuta sunan mai shi. Ba ya karɓar komai, sai dai in ka kawo cinyar rago ko kwalbar zuma ba zai mayar maka ba.

Gaskiya Athol yana da gajiyarwa. A mashaya, a wurin jana'iza, a filin gwanjon shanu, ko'ina ya samu kunne sai ya fara zancen maƙogwaron bindiga, shi ya sa ake kiransa Fasto. Amma duk wanda ya yi masa dariya da yamma, shi zai kai masa bokiti da safe. Laifinmu kuma, tunda a yanzu na gane laifi ne, shi ne mun daina dubawa da kanmu. Koren fenti a murfi ya ishe mu. Akwai samarin da aka haifa suka girma suka yi 'ya'ya ba su taɓa juya harsashi sun ga abin da ke gindinsa ba. Ni ma, da furfurata, ban taɓa ba. Abin da Athol ya mallaka a duniya ke nan, ido ɗaya da koren fentin nan da muka yarda da shi.

A 2019 muna cikin shekara ta uku ba ruwa. Lyle ya rasu shekara biyu kafin nan, ya bar ni da gona da tumaki da karnuka biyu. Na ciyar da ciyawar saye har ta gagara, na koma tura bishiyoyin mulga da tarakta tumakin suna cin ganye. Na sayar da masu iya tsayawa. Sauran ɗari uku direban mota ya zo ya dube su ya ce ba zai ɗauka ba, rabinsu ba za su kai garin Charleville da rai ba. Kullum da safe sai na tarar da wasu sun kwanta a bakin tafkin da ya zama laka, hankaki sun riga ni zuwa wurinsu tun suna numfashi. Ba na son na faɗi abin da hankaki ke fara ci. Na gaji, irin gajiyar da ko kuka mutum ba ya iya yi. Na kira mai katafila ya haƙa rami, na ɗauko bindigar Lyle, 223 ce mai matsattsen maƙogwaro da yake alfahari da ita. Kanti suka ce harsasai sun ƙare, sai bayan mako biyu, kowa abin da yake yi ke nan. Sai na tuna da bokitin da ke bayan injin wanki.

Na isa gidan Athol wajen ƙarfe bakwai. Yana zaune a teburinsa, hula a ka. Tun kafin na kashe mota ya ce, "Matar Lyle, wa ya koro ki daga daji da sassafe?"

"Tumaki."

"Nawa?"

"Ɗari uku."

Bai ce min sannu ba, kuma na gode masa da bai ce ba. Ya ce, "Zubo su nan. Ga shayi a buta, ba na yi wa mai ƙafa biyu hidima."

Duk da haka shi ya zuba min. Na lura ya sa yatsa a bakin kofin yana zubawa, sai da ruwan zafin ya taɓa yatsan ya tsaya. Na lura kuma ƙura ta rufe gilashin motarsa, har kaji sun yi kashi a kan murfin injin. Na ce, "Tsoho, motar nan ta yi ritaya ne?" Ya ce batir ne ya mutu. Ban kawo komai a raina ba, hankalina yana wurin ramin da ke jirana.

Ya fara aiki yadda ya saba. Ya ɗauka, ya juya, ya kai ido, ya jefa dama ko hagu. Sai dai yanzu akwai ƙarin abu ɗaya: kafin ya jefa, farcen babban yatsansa yakan zagaya gindin harsashin sau ɗaya. Ina zaune ba abin yi, tabaran karatuna a fuska don na ɗauki jaridar da ke kan bencinsa, wadda na ga ta watan Afrilu ce, muna kuwa cikin Oktoba. Don kawai hannuna ya samu abin riƙewa na zaro harsashi ɗaya daga gwangwanin dama na juya. Ɗan gicciye a cikin da'ira, da lamba 92. Na mayar da shi a hankali na zaro wani. 223. Wani, 223. Wani, gicciye. Cikin goma da na duba, uku na soja ne.

Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zuwa min shi ne na yi shiru. Na ce a raina bari na karɓi gwangwanina, na yi godiya, na je gida na sake tacewa da kaina, kada na taɓa wa tsoho abin da ya rage masa. Ina da tumaki ɗari uku da zan kashe, ba ni da ƙarfin ƙara wani abu a kai. Har na buɗe baki zan ce masa ina sauri, sai idona ya faɗa kan kantar da ke cikin rumfa. Gwangwani biyu ne a jere, murfinsu kore shar, an rubuta sunan wani maƙwabcinmu a karkace, harafi yana hawa kan harafi. Suna jiran mai su ya zo ya ɗauka.

Na ɗauki mai gicciyen na sa masa a tafin hannu. "Athol, karanta min wannan."

Ya juya shi, ya kai ido, farce ya zagaya. "223."

Na mayar da idona kan shayina. Ƙudaje suna ta yawo a bakin kofina.

Ya ce, "Ba haka ba ne?"

"Gicciye ne. Da tara da biyu."

Ya daɗe riƙe da shi. Sannan ya ajiye shi a gwangwanin hagu, a hankali, ya ɗora hannayensa biyu a kan bargon. Ya ce tun wajen bikin Ista ne, cikin Afrilu. Wani toka-toka ya zauna masa a tsakiyar idon, duk abin da ya kalla kai tsaye shi ne ba ya gani, sai na gefe-gefe. Likitan idon da ke zuwa Charleville ya duba ya ce ba irin wanda ake wankewa ba ne. Bai gaya wa 'yarsa ba, don ya san washegari za ta zo da akwati ta tafi da shi.

"Na soja ana danne bakin maɓallinsu, yana barin ɗan zobe," in ji shi. "Farce yana jin sa. Shekara da shekaru ina jin sa ko ban duba ba."

"Wannan bai ji ba."

"Wasu dannewar ba ta da zurfi." Ya shafa babban yatsan da ɗan'uwansa. "Ko kuma yatsan ne shi ma ya tsufa."

"Bokiti nawa ka yi tun Ista?"

Ya lissafo su ba tare da ya tsaya tunani ba, alamar ya sha lissafawa shi kaɗai. Ban da nawa da na kan kanta, gida huɗu ne suka riga suka ɗauka: gidan Hallam, gidan Ostwald, 'yan'uwan nan biyu na bakin kogi, da Bevan Tuckey.

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, ban san wanne ya fi ba. Na ce, "Ji nan. Zan buga musu waya na ce ina neman harsasai ruwa a jallo saboda tumakina, su ba ni gwangwanayensu, in kanti ya kawo na mayar musu da sababbi. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ba wanda zai san komai."

Ya juya fuskarsa gefe, yanzu na gane ta haka yake iya ganina. Har na zaci ya yarda.

"Jibi kuma su kawo wani bokitin," in ji shi. "Na ce musu me? Batir ya mutu?"

Ya tashi ya shiga ɗaki. Da ya fito ya sa farar rigarsa ta zuwa jana'iza, maɓalli ɗaya ya tsallake rami, ya sa takalmansa masu kyau. Ya ce, "Tayar da motar, yarinya. Tumakinki za su yi min haƙurin kwana ɗaya."

Na ji ciwon kwana ɗayan nan, don na san me yake nufi a bakin tafki. Amma na gyara masa maɓallin na tayar da mota.

Gidan Hallam kilomita saba'in ne. Verna Hallam ce ta fito, mijin yana can wajen famfo. Athol ya cire hula ya tsaya a ƙasan matakala ya faɗi abin da ya kawo shi, gajere, ba kwana-kwana: idonsa ya tafi tun Ista, ya ɓoye, koren da ya shafa musu ba abin yarda ba ne. Verna ta kawo gwangwanin, ba a taɓa shi ba. Ta kama hannunsa ta hau da shi baranda, ta yanka masa kek, ta riƙa yi masa magana da ƙarfi tana rarraba kalmomi. Da muka koma mota ya ce, "Ido na ce mata, ba kunne ba."

Gidan Ostwald mijin ya karɓi maganar a tsaye, ya miƙo gwangwani ya ce to, ya koma ƙarƙashin taraktarsa. 'Yan'uwan bakin kogi ba sa nan, muka bi sawunsu har shingen gabas, Athol ya sake faɗin kalmomin nan a cikin rana, su kuma suna kallon ƙasa kamar su ne suka yi laifin. Kowane gida sai ya faɗa daga farko. Na ce ya bari ni na yi bayani, ya ce fentin ba nawa ba ne. A mota yana riƙe da gwangwanayen a cinya, hanya tana girgiza su suna ƙara.

Mun isa wurin Bevan Tuckey rana ta karkata. Bevan ƙato ne mai fara'a, ya kusa hamsin, Athol ne ya koya masa riƙe bindiga. Yana wanke bayan a-kori-kurarsa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tuntsire da dariya, ba ta mugunta ba, ta mutumin da ya ga an sha wahala a banza.

"Fasto, don wannan kuka ci kilomita ɗari uku? Ai gwangwanin nan na cinye shi tun watan jiya a kan aladu, ƙusoshi nake zubawa a ciki yanzu. Ga ni nan, ido biyu, hanci ɗaya. Shekara nawa kana tsorata mu, ashe bindigar ba ta ma san bambanci ba."

Athol ya ce, "Ina kwansunan?"

"Wasu suna nan a bayan mota, ban share ba."

Na tattaro kamar ashirin daga cikin laka da gashin alade, na sa tabarau. Yawancinsu 223, lafiyarsu ƙalau. Biyar masu gicciye ne. Huɗu daga ciki maɓallin ya baje ya cika gurbinsa. Na biyar ba maɓallin sam, sai rami baƙi da hayaƙi ya zagaye. Na sa shi a hannun Athol. Wannan kam farcensa bai yi kuskure ba, ya faɗa ramin ya tsaya.

"Sakata ba ta taɓa yi maka tauri ba?"

Bevan ya sosa ƙeya. "Sau biyu. Na buga ta da katako ta buɗe. Akwai ranar da wani abu ya fesa min a kumatu, na zaci mai ne ya yi yawa."

Athol ya zaro makullan motarsa daga aljihu, motar da ya daina tuƙawa, ya lalubo tsohon kwanson da ke rataye, ya jera shi da na Bevan a tafin hannu ya miƙa masa. Rami ɗaya, baƙi ɗaya. Bevan ya duba, dariyar ta tafi.

"To ai ba abin da ya faru, Baba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni ma na harba ɗari da 'yan kai ba abin da ya faru." Ya sa sabon kwanson a aljihun rigar Bevan ya danna da yatsa. "Kumatu da ido ba nisa. Kuma korena ne a kan murfin. Ka yafe min."

Bevan ya ce haba, ya ce a shigo a sha wani abu mai sanyi, ya ce ba wanda ya isa ya ga laifin Fasto. Athol ya riga ya juya yana laluben ƙofar mota. A hanya ya ce na biya ta gidansa. Ya shiga rumfa ya fito da gwangwanin fentin da burushi a cikin jakar leda. Na ce masa tun yanzu ya sani, ni ba zan gaji wannan aikin ba, ba ni da haƙurinsa. Ya ce bai ce na gada ba. Kowa yana da ido, kowa ya sayi tabarau. Ya kwana a ɗakin baƙinmu.

Da gari ya waye muka zauna a bayan mota a bakin ramin, bargo a tsakaninmu. Ni nake karantawa da ƙarfi, shi yake cewa dama ko hagu, duk da na riga na san amsar. Akwai waɗanda suka rikita ni, haruffa ne kawai ba lamba, ya tambayi yadda suke ya ce hagu. Muka samu abin da zai isa, da ɗan ragi kaɗan. Ya sa na ajiye gwangwanin a inuwar mota, ya rufe shi da jiƙaƙƙen buhu.

Karnuka suka koro tumakin cikin shingen da na kafa a bakin ramin. Sha ɗaya ba su zo ba, sun mutu a kwanan da na ba Athol. Sauran ba su gudu ba, ba su da ƙarfin gudu. Akwai waɗanda na sani da fuska, akwai wadda na shayar da kwalba a kicin. Ni nake harbi, shi yana zaune yana miƙo min biyar-biyar. Idan bututu ya yi zafi sai ya ce na dakata, daga wari yake ganewa. Mun fara ƙarfe bakwai, mun gama wajen sha ɗaya. Kafaɗata ta mutu, kunnuwana suna ƙara, kuma ban ji komai a zuciyata ba sai son na zauna.

Mai katafila yana jira daga nesa, ya kashe inji don kunya. Athol ya ce na kai shi bakin ramin. Na riƙe gwiwar hannunsa muka taka har inda ƙasa ta fara zubewa. Ya tambaya ko nan ne, na ce nan ne. Ya wurga jakar ledar, fenti da burushi, ta faɗa tsakanin tumakin. Murfin bai buɗe ba.

Muna komawa mota na ga akwai harsashi ɗaya da ya rage a hannunsa, cikin waɗanda na riga na karanta masa da safe. Ya tsaya, ya juya gindinsa sama, ya kai shi kusa da idon hagu yadda ya yi shekara talatin da shida. Ya daɗe a haka, rana tana haska na gilashin. Sannan ya miƙo min.

"Me aka rubuta, Noelene?"

Tun da na auri Lyle bai taɓa kirana da sunana ba. Na sa tabarau na duba.

"223."

"To," ya ce. "Sa shi a bokiti."

Na ɗaga wa mai katafila hannu, ya tayar da inji.